Babi na Shida: Tandu da Kwalba

Kafin rana ta fito a Jiratawa an riga an gama kwalliyar farko. Mace ta yi sallar asuba, ta hura wuta, sannan ta jawo ɗan madubinta ta zauna bakin ƙofar ɗaki inda haske yake. Abin da za ta yi bai wuce minti biyar ba. Ta murza mai a tafin hannu ta bi fuska da wuya da ƙafa, ta zizara kwalli, in da hoda ta ɗan buga, ta gyara ɗaurin kallabi. Daga nan sai daka, ko ɗiban ruwa, ko gangarawa lambu inda ake tsinkar zogalen da garin ya yi suna da shi, ko shiga mota zuwa Maradi da kayan sayarwa. Wannan kwalliya ta minti biyar ita ce maganarmu a nan. Ta amarya da ta ranar suna mun ba su nasu wuri a baya, kuma su yini guda ake yi da su a wanke. Wadda ake maimaitawa kowace safiya shekara ashirin ko talatin, ita ce ke raya fata ko ta kashe ta.

Duk wadda za ta zaɓi abin shafawa a ƙasar nan, sai ta fara tuna inda fuskarta za ta wuni. A watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan haura digiri 40, gumi na tsattsafowa tun hantsi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne, busasshiyar iska mai ƙura tana tsotse ruwan jiki har leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Ga kuma alwala, wadda ke kai ruwa fuskar musulma sau da yawa a yini. Matan da ƴan matanmu ke kallo a TikTok suna jera shafi bakwai a fuska ɗaya, a ɗaki mai na'urar sanyi suke zaune, a Dubai ko Landan ko Legas. Yarinyar da ta kwaikwaye su a Jiratawa da ƙarfe takwas na safe, kafin azahar hodar ta jiƙe ta taru a gefen hanci, ga kuma ladan ya kira salla. Malamai sun yi bayani cewa abin da ya yi kauri a kan fata har ya hana ruwa isa gare ta, sai an cire shi kafin alwala ta inganta. Shi ya sa har gobe jan farce bai ture lalle ba a gidajenmu, domin lalle rini ne da ke shiga cikin fata da farce, ba ya barin ɓawo a sama. In aka lura, kwalliyar kakanninmu gaba ɗayanta da salla da rana aka auna ta: kwalli a bakin ido, ƙunshi a hannu da ƙafa, fure da goro a haƙori, turaren wuta a cikin tufa. Ba ɗaya daga ciki da ruwan buta ke ɓatawa.

Gwaggona, wadda ta rene ni, kayan adonta duka a ɗan akwatin ƙarfe ɗaya suke. Akwai tandun kwalli na fata da ya yi baƙi don tsufa, da curin sabulun salo, da man kaɗe a gwangwani, da garin lalle ƙulle a tsumma, da katambiri na zanen fuska in biki ya zo. Sai da na girma na gane abin da ya fi daraja a akwatin nan, wato ta san asalin kusan kowane abu da ke ciki. Lallen daga bishiyar bayan ɗaki ta tsinko, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe da hannunta. Man shanun da take yi mana kitso da shi, a wurin Bafulatanar da ke kawo mata nono take saye. Man kaɗe daga kudu fatake ke kawo shi, amma da ta shinshina ta san ko na bana ne ko ya kwana biyu. In wani abu ya yi mata ƙaiƙayi, ta san wanda za ta tuhuma.

Yau in kika shiga layin masu kayan shafa a babbar kasuwar Maradi, kwalabe ne jere har rufin shago. Wasu sun biyo hanyar Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa. Wasu daga Kwatano da Lome da Abijan, wasu daga Dubai da Sin. Rubutun jikinsu da Faransanci ne ko Ingilishi ko Larabci, wani ma da harufan da ba mai karanta su a duk layin. Daga nan ƴan koli da dillalai ke ɗauka su kai Tibiri da Jiratawa da Madarunfa, har cikin ɗakin matar da ba ta fita. Ban ƙi wannan yalwa ba. A cikinta akwai kaya nagari da gwaggona ba ta taɓa samu ba. Abin da ke damuna shi ne tambaya biyu kawai nake jin ana yi a bakin shagon: nawa ne, kuma yana sa haske?

Na taɓa raka ɗiyar yayata sayen kayan sallah. Mai shagon, dattijo mai fara'a, ya sunkuya ya ɗauko wata farar roba marar rubutu ko ɗaya.

“Hajiya, ga wanda ya dace da ɗiyarki. Haɗi ne, kwana bakwai za ki ga canji.”

“Malam, me da me aka haɗa?”

“Wallahi Hajiya mai kyau ne. Amare duk shi suke saye.”

Ba na zaton mutumin nan mugu ne. Shi ma bai san abin da ke cikin robar ba, kawo masa aka yi. To amma man da zai canja launin mutum a kwana bakwai ba ya rasa ɗaya daga abubuwa uku, kuma ya kamata kowace mace ta san su kamar yadda ta san sunan ƴaƴanta.

Launin fatarmu daga wani sinadari yake da ake kira melanin, wanda jiki ke yi da kansa. Laima ce Allah ya ba mutanen ƙasar rana, tana tare kaifin hasken kafin ya yi ɓarna a ciki. Duk man bilicin aikinsa ya rage wannan laima. Na farko a cikin abubuwa ukun nan shi ne haidirokwinon, wanda sunansa a jikin kwali ke farawa da hydro ya ƙare da quinone. Likitocin fata suna ba da shi, amma kaɗan, a kan tabo kawai, na ƴan watanni, sannan a daina. Idan aka mai da shi man kullum ana bin jiki da shi shekara da shekaru a ƙarƙashin ranar Maradi, sai ya juya. Kumatu da goshi da bayan wuya su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar ƙuna, wanda ya zauna can cikin fata, kuma fitar da shi yana da wuya ƙwarai ko a hannun ƙwararru. Mai neman haske ta ƙare da duhun da ya fi wanda ta guda.

Na biyu ya fi yawa a kasuwa domin ya fi araha. Su ne ƴan ƙananan tububin nan na magani, irin su kilobetasol da betametason, dangin kotizon. Asalinsu maganin kumburi da ƙaiƙayin fata ne masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubutawa na mako ɗaya ko biyu. Su ake matsewa cikin man shafawa a kira shi haɗi. Da farko fuska takan yi sumul, har a fara tambayar mace me take shafawa. Bayan watanni fatar ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsage hannu da cinya da ƙirji, ƙuraje su feso, makero da kyasbi su samu wurin zama domin garkuwar fatar ta faɗi. Maganin kuma ba ya tsayawa a sama. Yana ratsawa cikin jini, ya iya jawo hawan jini da ciwon suga. Masu aikin tiyata sun san wahalar ɗinke irin wannan fata, da yadda ciwo ke jinkirin warkewa a kanta, abin da ya kamata duk mai fatan haihuwa ta sa a ranta.

Na uku zaiba ce, kuma ita da wuya a rubuta sunanta a kwali. Tana taruwa a jiki ta lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kai wa ɗan da ke ciki, tana bin nono. Tana kuma zama a tawul da zanen gado, ta shafi miji da yaran da ba su taɓa buɗe kwalbar ba. Sunan wani gari na Japan, Minamata, inda zaibar wata masana'anta ta gurɓata kifi ta nakasa mutane a shekarun 1950, shi aka sa wa yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2013 don rage amfani da ita. A taron da suka yi a Janiba a 2023 sun amince a hana duk wani kayan shafa da aka zuba wa zaiba daga 2025.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Tarayyar Turai ta fitar da haidirokwinon daga kayan kwalliya tun 2001. Kodebuwa ta yi tata dokar a 2015, Gana a 2016, Ruwanda ta bi kasuwanni tana kwashewa daga 2018. A 2023 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Tun 2011 wata takarda ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo alkaluman da ke nuna kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya, da kashi 59 a Togo, da 25 a Mali, suna amfani da kayan sa haske. Amma doka ba ta shiga ɗakin da ake zaɓen amarya. Ni dai ba na iya yi wa macen da ta ƙone fuskarta dariya, kuma ina jin zafin masu yi. Wa ya ce da ita farar mace alkyabbar mata? Wa ya aika a nemo wa ɗansa mata ya ce a duba fara? Yarinya tana ji tun tana goye. Uwar miji da saurayi da masu shirya fim da ke zaɓen fuska, duk da hannunsu a cikin robar nan marar rubutu. Harshenmu kuwa yana da kalmomin yabon kowane launi, akwai baƙa mai sheƙi, akwai wankan tarwaɗa, kuma da can duk yabo ne.

Wadda ta riga ta shiga, kada ta yanke ƙauna, kada kuma ta watsar da man dare ɗaya idan mai kotizon ne. Fatar da ta saba da shi takan yi bore, ta yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, sai mace ta tsorata ta koma. Hanya ita ce ta ɗauki kwalbar da tubun ta kai wa likita ya gani da idonsa, ya tsara mata yadda za ta rage a hankali. Launinta na asali zai dawo cikin watanni, wani lokaci har ya ɗan fi da duhu kafin ya daidaita. A wannan tsakani sai ta guji rana iyakar iyawarta.

Mu koma bakin ƙofar ɗaki da madubi. Abin da fata ke nema kowace safiya kaɗan ne: a wanke ta da sabulu marar kaifi, a ba ta mai daidai da halinta. Mai busasshiyar fata, musamman da hunturu, ta shafa man kaɗe ko basilin tun jikinta da sauran danshin wanka, domin aikin mai shi ne ya rufe ruwan da ke cikin fata kada ya tsere. Shafa shi a kan busasshen jiki rabin aiki ne. Mai fuska mai maiƙo kuwa, da bazara, ta bar mai nauyi ga ƙafa da gwiwar hannu, ta ba fuska ɗan kaɗan marar kauri. A nan ba zan wuce ban ambaci zogale ba. Ƙwayar da ke cikin kwanson bishiyar nan tana ɗauke da mai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, mai marar nauyi wanda ba ya saurin lalacewa, kuma kamfanonin Turai suna zuba shi a kwalabe masu tsada. Mu a Jiratawa ganyen muke bi don kwaɗo da kasuwa, muna sassabe itacen tun bai yi ƴaƴa ba. Ina fatan ganin ranar da ƙungiyoyin matan garin za su bar wasu layuka su yi kwanso, su matse man, su sa masa suna da kwanan wata.

Hoda, ko ta gari ce ko ta ruwa da ake kira fandeshan, kuskure ɗaya ake yawan yi da ita, wato sayen wadda ta fi mai ita haske. A kan baƙar fata ba ta zama fari, toka-toka take komawa, fuska ta rabu da wuya kamar ba jiki ɗaya ba. Kada a gwada ta a bayan hannu ƙarƙashin fitilar shago. A ɗiga kaɗan a gefen muƙamuƙi, a fito waje cikin hasken rana da madubi. Wadda ta ɓace a kan fatar har aka rasa inda aka shafa, ita ce taki. Jagira a bi da ita yadda girar take, da ɗan gajeren zane. Jambaki a fara shafa ɗan mai a leɓe kafin shi in ana sanyi. Da dare kuma a wanke komai kafin a kwanta, kome gajiya, sannan soson hoda a riƙa wanke shi duk mako a shanya, don shi ne ke mayar da dattin jiya kan fuskar yau.

Kwalbar kirki tana faɗin sunan wanda ya yi ta da ƙasarsa, tana jera abin da ke cikinta, kuma a ƙa'ida abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Wadda ba ta karatun boko ta ba ɗanta ɗan makaranta ya duba mata, ko ta tsaya a farmasi ta tambaya. Akwai kuma wata ƴar alama da mutane ba su kula da ita, hoton gwangwani buɗaɗɗe da 6M ko 12M a jikinsa. Watannin da kayan zai yi ke nan bayan an buɗe shi. Wannan lissafi ma na ƙasar sanyi ne, a ɗakin kwano da bazara bai kai haka ba. Man da ya rabu biyu, ruwa sama guda ƙasa, ko warinsa ya canja, ya gama aiki. Abin shafa gashin ido kada ya wuce wata uku. Sabon abu kuma, kowane iri ne, a fara ɗiga shi a cikin hannu kusa da gwiwa a jira kwana biyu. Wannan ya fi zama dole ga baƙin lallen da ake zane da shi, domin lalle na gaskiya ja yake bayarwa. Baƙin da ke kamawa cikin minti talatin yawanci sinadarin rinin gashi ne aka zuba, kuma akwai wadda zai tasar mata da bororo daidai siffar zanen, ya bar tabo, ya bar mata ƙin jinin rinin har ƙarshen rayuwa. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba shaida ba ce, tun da jabu yana shiga kwali mai kyau.

Na bar kwalli a ƙarshe don shi ya fi yi mini nauyin faɗa. Ina son kwalli. Shi ne adon farko da aka yi mini a duniya, kuma sunna ce da muke girmamawa. Amma dutsen nan mai walƙiya da ƴan koli ke sayarwa ana niƙawa, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011, a wani asibitin yara da ke Boston ta Amurka, an auna jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye ƴan Najeriya, aka tarar da dalma fiye da ƙima. Da aka bi sawu sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kawo daga gida, kuma da aka auna shi kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba. Zamfara maƙwabta ce, kuma a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinari mai dalma da ake niƙawa a cikin gida. Abin da ke cikin tandu bai kai wannan yawa ba, ba kuma ya kisa nan take. Ɓarnarsa a ɓoye take. Jariri ya murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma su gangara da sauran ta hanci zuwa maƙogwaro. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke tsiro, ta rage kaifin fahimta, kuma masana lafiya sun ce babu wani adadi nata da za a kira lafiyayye a jinin yaro. Ba zazzaɓi, ba kuka, sai dai shekaru bayan haka a ga yaro yana shan wahalar karatu a rasa dalili.

Babba da ke son kwallinta ta nemi wanda aka rubuta abin da ke cikinsa, ko fensirin ido na kamfanin da aka sani, mai ciki da mai shayarwa kuwa su fi kowa kiyayewa. Tsinken kwalli kuma kada ya zaga gida, musamman lokacin ciwon idon nan da muke kira afolo, wanda ya samo sunansa don ya ɓarke a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo ya sauka a wata. Amma idon jariri da cibiyarsa, a bar su haka nan.

Ranar da na kai wa gwaggona wannan magana ta daɗe ba ta ce komai ba. Tana ta juya tandun a hannunta.

“Ɗiyata, da shi aka rene mu, da shi na rene ku. Ga ki nan har kina rubuta littafi.”

“Haka ne, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri. Lalle ke kika daka, mai ke kika zaɓa. Dutsen nan ne kaɗai ba ki san ramin da aka haƙo shi ba.”

Ba ta amsa ba, ta mai da shi akwati. Bayan wata huɗu matar ƙanena ta haihu, aka taru suna a gidanmu na Jiratawa. Gwaggo ce ta yi wa jaririyar wanka, ta shafe ta da man kaɗe, ta naɗe ta a sabon zane ta fito da ita tsakar gida. Wata tsohuwa ƙawarta ta karɓa, ta leƙa fuskar, ta ce ai an manta ba a sa wa amarya kwalli ba, a miƙo tandu. Gwaggo, da nata idon ya sha kwalli raɗau kamar kullum, ta miƙa hannu ta karɓe jikarta.

“Ba mantuwa aka yi ba, Yaya. Wannan sai ta girma ta zaɓi nata.”